Kitson Amarya a Gidan Kaso

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ni yatsu goma ya sa abincina a cikinsu.

Ku 'yan matan da kuke zuwa gindin darbejiyata kuna miƙo mini wayar salula kuna cewa, "Tanti, dubi wanga kitso, sau biyu na kalla na iya," ku nake yi wa wannan rubutu. Sunana Rabi. Tun da furfura ta fito mini, Inna Rabi mai kitso ake kirana. A Karofan aka haife ni, a Madawa na koyi sana'a, sannan na bi marigayi maigidana, ma'aikacin gona wanda aiki ya yi ta yawo da shi, na zauna Buza, na zauna Keita. Daga gidan siminti har bukkar kara, babu irin ƙofar da ban shiga da jakar kayana ba.

Kan farko da aka ba ni ba kan mutum ba ne. Gwaggona Hajo, wadda ta koya mini, ta warware tsohon buhun albasa ta ɗaure zarensa a jikin turmi, ta ce, "Kitsa wanga. Ran da ya kwanta ki kira ni." Na yi ta kitsa turmi har yaran unguwa suka sa mini suna matar turmi. Da ya kwanta ma ba kitso ta ba ni ba, tsifa ta ba ni. Duk matar da ta zo, ni ce mai warware mata tsohon kitso, in wanke kan da karkashi, in taje, in shafa man shanu, sannan in tashi Gwaggo ta zauna. A wurin tsifa na san kai. Na san inda fata take da taushi, inda amosani yake ɓuya, da yadda gashin mai jego yake zubewa a goshi. Na kuma san cewa wuyan mace yana faɗin damuwarta tun bakinta bai buɗe ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kibiya ta ƙarfe don tsaga da tsifa, mataji mai manyan haƙora da mai ƙanana, kwalbar mai, baƙin zare, da 'yar kujera wadda ta yi daidai da tsawon ƙafarki. Kibiyata wani maƙeri ne ya yi mini a kasuwar Madawa, bakinta ba kaifi ba dakushi, tana bin fata kamar tana lallashinta. Gwaggo ta haɗa mini kayan nan da ka'ida guda. Ta ce in na gama, in tattara gashin da ya zube in danƙa wa mai shi a hannu, kada ko sili ɗaya ya kwana gidana. Ta ce maganar da mace ta zubar a cinyata ita ma haka, tata ce, ba a ɗaukarta a kai wa wani kai.

Wata tsohuwa daga Garhanga da za ta tafi aikin hajji ita ce ta fara sa na gane kitso iri biyu ne. Akwai na ado, akwai na jimawa. Na ado, irin na amarya, tsagarsa babba ce, daga goshi ake farawa a ratsa tsakiyar kai, a ɗaga gashin ya tashi, a sako jela biyu su sauko gefen kunne. Kyakkyawa ne kamar hudar wake da safe, kuma kamar ita ba ya daɗewa, sati biyu ya fara tashi. Na jimawa daga ƙeya ake fara shi, tsaga ƙanana, a matse gindinsa ba tare da an ja fata ba, a bi shi layi bayan layi har wuyan mai kitso ya sandare. Shi ake yi wa mai tafiya hajji, da mai cikin da ya tsufa, da wadda za ta bi mijinta Abijan ba ta san hannun wa za ta tarar can ba. Tsohuwar nan ta je ta dawo, ta zo gaishe ni da dabino, kitsona yana nan kwance.

Ni mai son littafi ce, wannan kowa ya sani. A makarantar manya ta yamma na koyi karatun Hausa, kuma tun daga lokacin direbobin da ke zuwa Kano ta Maraɗi suke kawo mini littattafan soyayya, waɗanda bangonsu ke koɗewa tun a hanya. Hannuna biyu suna cikin gashi, don haka sai in sa wadda nake wa kitso ta karanta mini, in ta iya. A cikin masu karanta mini babu kamar Zainabu.

'Yar garinmu ce, mahaifiyarta Ayya Mariyama ƙawata ce tun muna ɗaukar tulu tare. Tun Zainabu tana 'yar lakwal, wato makarantar boko, in an yi hutu, nan cinyata take kawo kanta. Doguwa ce, wankan tarwaɗa, idanunta manya, gashinta baƙi wuluk mai nauyi, in na tsefe shi sai ya rufe mini gwiwa. Tana karatu tana canza murya, ta yi ta saurayi ta yi ta budurwa, in an zo inda masoya za su rabu sai ta rufe littafin ta ce, "Inna, sai kin sassauta mini nan kahin in ci gaba." Ta girma ta zama Madam Zainabu, tana koyarwa a wani ƙauye can kan tudu cikin duwatsu. Ta sami wanda take so, Sama'ila, mutumin Ibohaman, mai gyaran famfunan ƙauyuka. An kai kaya, an raba goro, an sa rana bayan zaɓe.

Shekarar zaɓen nan ita nake kira muguwar shekara. Zainabu ta shiga wata ƙungiya ta masu sa ido, malaman lakwal ne da 'yan kasuwa da ɗalibai, ba na kowace jam'iyya ba. Aikinsu su sa wata riga marar hannu mai rubutu a baya, su zauna a rumfar zaɓe tun daga buɗewa har ƙirga, ba su taɓa komai, abin da suka gani su faɗa. A ƙauyen da take koyarwa aka ajiye ta. Ku kun san ƙauyukanmu bayan girbi: maza sun tafi bida, wato cirani, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Aljeriya, sai mata da tsofaffi. Zainabu ta san kowane gida, don 'ya'yansu ne a ajinta. Ta wuni tana kallon mata da tsofaffi suna shiga suna fita. Da aka zo ƙirga sai ga shi mazan nan da ke bayan hamada duk sun jefa ƙuri'a. Ta yi tambaya, aka ce ta zauna. Bayan kwana kaɗan ta je gidan rediyon yanki ta faɗi abin da ta gani, ta faɗi sunanta da na mahaifinta, kamar mai gaisuwa.

Ba a jima ba aka hana ƙungiyar aiki, aka sa kwaɗo a ƙofar ofishinta, aka shiga ɗaukar waɗanda suka yi magana ɗaya bayan ɗaya. Ita da safe jandarmomi suka je mata, alli yana hannunta. Aka ce ta yaɗa ƙarya, ta tada hankalin jama'a. Aka kawo ta gidan kason garin da nake zaune a lokacin. Sunan garin zan bar shi, don yawancin waɗanda suka yi aikin sun bar wurin, waɗanda ke can yanzu ba ruwansu.

Tun ran da aka ga na raka Ayya Mariyama kai tuwo gidan kaso, ƙofofi suka fara rufe mini. Matan ma'aikata, waɗanda da suke aiko mini da kabu-kabu har gida, sai in je a ce Madam ta kwanta, ga takalmanta a ƙofa ina jin muryarta. Ban riƙe su a zuciya ba, mazansu albashi suke ci. Yatsuna suka fara tauri don rashin aiki. Sai na koma bin kasuwannin ƙauye, Garhanga, Ibohaman, in shimfiɗa tabarma bayan masu nono, a biya ni da hatsi ko wake. Babban gida ɗaya ne kawai bai daina kirana ba, gidan wata Hajiya wadda mijinta yana cikin masu faɗa a ji na lokacin.

Kan Hajiya na jiran kitson shuku ne ranar, ina tsakiyar tsaga sai na ji wuyanta ya yi tauri kamar icce.

"Rabi, har yanzu kina zuwa wurin ɗiyar nan?"

"Ina zuwa, Hajiya."

"An ce aurenta ya matso."

"In an sake ta ran shari'a, satin da ka biyowa a ɗaura."

Ta kori 'yar aikinta, ta ce ta je ta duba tukunya. Sannan ta ce, "Rantse da Allah abin da zan hwaɗa miki ba shi hita bakinki. In ya hita, ni ka barin gidan ga."

Na rantse.

"An gama shari'ar nan, Rabi. A falon can anka gama ta, ni na kai musu abinci. Ba a sakinta. Kuma ba nan za a bar ta ba, nesa za a kai ta, inda uwarta ba ta iya kai mata tuwo."

Na ce, "To Hajiya, mi ya sa kinka gaya mini?"

"Ni ma ban sani ba. Aji guda sunka yi da ɗiyata." Ta ɗaga hannu ta taɓa gefen kanta. "Ja mini nan, ya yi sako."

Na ja mata. Na gama, na tattara gashinta na danƙa mata, na fito.

Kitson gidan kaso shi ne mafi wuya da na taɓa yi. A bakin ƙofa gardi ya zazzage jakata, ya ɗauke kibiya don ƙarfe ce, ya ɗauke kwalbar mai don gilashi ce. Gardiyar mata, Balki, wadda ni na yi mata kitson sunan ɗanta na fari, ta juye mini man a leda, ta karyo mini tsinke daga tsintsiyar da suke shara. Da shi zan yi tsaga. Ɓangaren mata ɗan fili ne, katanga ta kewaye shi, inuwa tana gefe ɗaya kawai, tana matsawa muna binta.

Zainabu ta tarye ni da dariya. Ta rame, amma idanun suna nan.

"Inna, aboka, lauyanmu, ya kira, ya ce ba su da komi a kaina. Ran Alhamis in sha Allahu gida zan kwana. Ki yi mini na amarya tun yanzu, in na hita ba lokaci, ga lalle ga ɗinki."

Ta zauna a ƙasa ta jingina da gwiwata kamar yadda ta saba. Na tsefe, na wanke, na shafa mai. Na riƙe tsinken nan ina kallon kanta. Bakina a ɗaure yake da rantsuwa. In na yi mata abin da ta ce, kafin wata ya mutu kanta ya zama sheƙa, a wurin da ba mataji, ba mai, ba wanda ya san ta, kuma kwarkwata ba ta barin kan da ya cukurkuɗe. Na sunkuyar da kanta na fara daga ƙeya.

Ba ta lura da wuri ba. Tana ta ba ni labarin ɗakin da Sama'ila ya shafe da shuɗin fenti, wai bai tambaye ta ba, ita kore take so. Na gama layi na farko na shiga na biyu. Maganarta ta fara ragewa. Na shiga layi na uku. Na ji hannunta ya zagayo baya, yatsunta suna bin abin da na kitsa, suna auna faɗin tsagar. Yarinyar da ta girma a cinyata, ta ga na yi wa mahajjata, ta ga na yi wa masu tafiya Abijan.

"Inna, ba wanga na ce ba."

"Sunkuya, ɗiyata."

"Inna."

"Na ce ki sunkuya, inuwa tana gudu."

Ta sunkuya. Can ta ce, a hankali yadda matan da ke gefe ba za su ji ba, "Da nisa?"

"Ni ban ce komi ba."

"Ban ji kin ce ba."

Ba ta yi kuka ba. Wuyanta ne ya yi tauri, sannan ya saki. Na ci gaba, layi bayan layi, tsinke ya karye Balki ta kawo wani. Na haura ƙeya, na wuce tsakiyar kai, saura gaba, sai aka buga ƙarfe lokacin ziyara ya ƙare. Tun da na fara sana'a ban taɓa tashi na bar kai rabi ba. Na roƙi Balki, ta ce ba ikonta ba ne, amma in dawo ran Laraba za ta shigar da ni. Na tattara gashin gaban na ɗaure shi gida biyu da zare.

Zainabu ta riƙe gefen zanena. "Ki tahi wurin Sama'ila. Ki ce mishi na sauke mishi alkawari. Kada shi jira ni, shi nemi wata. Ki ce ni na ce."

Wannan saƙo ne aka ba ni in kai, ba maganar da ta zube ba ce, don haka na kai. Washegari na shiga motar kasuwa zuwa Ibohaman. Na tarar da Sama'ila a ƙofar gidansu ya baje kan famfo a buhu yana wanke ƙarafa da man gazuwal. A littattafan da nake karantawa, in an kawo wa saurayi irin wannan saƙo sai ya dafe ƙirji, ya yi magana shafi biyu a kan wata da taurari, ni kuma, ba na ɓoye muku, ina ta sauraron in ji irinta da kunnena. Sama'ila ya saurare ni har na gama, ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Tana cin abinci?"

Na ce tana ci.

"Ita da ta ce ran Alhamis tana hita, mi ya sauya?"

Na ce, "Saƙon ke nan, ɗana."

Ya dube ni ya jima. Ya ce in biyo shi cikin gida wurin baffansa Alhaji Idi, wanda shi ne waliyyinsa tun rasuwar mahaifinsa. Alhaji yana kishingiɗe a rumfa, matarsa Inna Hassi tana bakin murhu tana tankaɗe. Sama'ila ya durƙusa ya maimaita saƙon.

Alhaji ya ce, "Allah shi yi mata albarka, ɗiyar kirki ce, ta sauƙaƙa muna. Dama ina ta tunanin yadda zan hwara maganar. Wa ka ɗaura aure da wadda ba a san ran hitarta ba?"

"Baffa, ran da anka ɗaura naka da Inna, kana ina?"

"Ina Abijan. Wannan daban."

"Damina nawa ta jira ka?"

Inna Hassi ba ta ko ɗago daga rariyarta ba. "Kada ka tambaye shi, shi bai ƙirga ba. Ni na ƙirga. Da ya dawo sai da anka nuna mini shi, na ɗauka mai saida katifa ne."

"Ke Hassi, ana maganar maza."

"Maganar jira ake yi, Alhaji. Wannan tamu ce."

Sama'ila ya ce, "Baffa, duk garin ga mata ka jira. Wanda ya tahi Libiya ba a ce aurenshi ya mutu. Ita ba kuɗi ta tahi nema ba, abin da ta gani ta hwaɗa. Ni ma bari in ɗanɗana abin da su Inna sunka sha."

"Za su sa maka ido. Aikin famfon ga daga hannun hukuma kake samunshi."

"In ya lalace ni za su kira, Baffa, ko suna so ko ba su so. Alfarma guda nake roƙo. Kada a jira ranar da anka sa. A ɗaura ran Alhamis da sahe, kahin ta shiga gaban alƙali. In ta yarda."

Alhaji ya yi ta jan carbi. Ya dubi matarsa, ita tana ta tankaɗe kamar ba ta wurin. Daga ƙarshe ya ce a nemo masa mai salula ya kira mutanen Karofan.

Ran Laraba Balki ta cika alkawari. Zainabu ta zauna, na kwance zaren da na ɗaure gaban da shi, na gaya mata yadda aka yi, har da maganar mai saida katifa. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta sa gefen kallabi ta rufe fuska. Na jira.

"Mahaukaci ne, Inna."

"Ya ce in kin ƙi ba a ɗaurawa. Babanki ma haka ya ce. Ni za a kira in hwaɗi amsa."

Ta sauke gefen kallabin daga fuskarta. Sannan ta gyara zama, ta ɗaga goshinta sama maimakon ta sunkuya.

"Bayan kin riga kin yi na tahiya. Gaban ki yi mini nawa."

Ban taɓa haɗa iri biyun nan a kai ɗaya ba, kuma Gwaggo da tana raye da ta ce na ɓata sana'a. Wuyar tana wurin mahaɗa, inda manyan tsaga za su sauka a kan ƙanana ba tare da an ga tudu ba. Na ratsa goshi da tsinke, na ɗaga gashin na kitsa shi sako-sako, na kai wutsiyoyin na cusa su ƙarƙashin layin farko na ƙananan, yadda in na gaban ya tashi za ta iya warware shi ita kaɗai ta kama shi da zare, na bayan yana nan. Na sako mata jela biyu gefen kunne. Ba a barin murjani ya shiga, sai wata mata da ke tsare a wurin ta zare jan zare daga bakin zanenta ta miƙo, na naɗe bakin jelar da shi. Balki ta leƙa ƙofa, ta dawo ta zaro ƙullin lalle daga aljihun kakinta ta ajiye a ƙasa kamar ya faɗi mata. Matan wurin suka kewaye Zainabu suna yi mata waƙar amare ƙasa-ƙasa.

Ran Alhamis da hantsi muna tsaye a harabar gidan shari'a sai salular Ayya Mariyama ta yi ƙara: an ɗaura, an shafa fatiha. Kafin a fito da waɗanda ake tuhuma motar kasuwa ta sauke matan Karofan da na Ibohaman, kowace da sabon zane, Inna Hassi a gaba. Wata motar ta kawo matan ƙauyen nan na kan tudu, sun zo su shaida cewa mazansu ba sa gari ran zaɓe. Ba a bar ko ɗaya daga cikinsu ta shiga ba, aka ce ba a san da zuwansu ba. Aboka yana hanya daga nesa, don lokacin da aka gaya masa daban, lokacin da aka fara daban. Ni da Ayya Mariyama da Sama'ila muka samu muka tsaya a baya.

Da Faransanci aka yi komai. Zainabu ta fara bayani, alƙali ya ɗaga hannu ya ce ta amsa da e ko a'a. Aka tambaye ta ko ta yarda ƙarya ta faɗa, ta ce a'a. Mazan ƙungiyar da aka kawo tare da ita su ma haka. Ba a ɗauki lokacin da nake ɗauka ina tsefe kan yarinya ba aka gama. Tafinta ya juyo ya faɗa mana da Hausa: ɗauri, kuma a wani gari mai nisa za su yi shi. Aboka ya shigo da ƙura a takalmansa ana rufe zama.

Motar da za ta ɗauke su tana bakin ƙofa, mai buɗaɗɗen baya, jandarmomi sun kewaye ta. An yi shela tun farkon mako cewa an hana taro, don haka kowa ya yi tsit. Aka fito da mazan aka hau da su. Aka fito da Zainabu. Da ta sa ƙafa za ta hau, sai ta ɗan tura kallabinta baya, goshin ya bayyana, jelar nan biyu masu jan zare suka sauko, tafin hannunta ja da lalle.

Inna Hassi ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

Matan Karofan suka karɓa, na Ibohaman suka karɓa, matan kan tudu da aka hana shiga suka karɓa. Ni ma na yi, da wannan tsohuwar muryar. Shugaban jandarmomin, wani mai furfura a gemu, ya taho da sauri.

"Kai! Wa ya ba ku izinin taro? Ku watse!"

Inna Hassi ta ce, "Wane taro, ɗana? Amarya muka rakiya. Da sahen ga anka ɗaura, ga ango nan tsaye. Ko kai amarya ma sai da takarda yanzu?"

Ya dubi Sama'ila, wanda ya sa farar shadda amma baƙin mai bai fita daga farcensa ba. Ya dubi Zainabu a bayan mota. Wani ƙaramin jandarma ya fara murmushi ya kau da kai. Shugaban ya juya ya buga ƙofar direba da tafin hannu.

"Tahi. Amma sannu-sannu."

Motar ta bi babbar hanya kamar tana jin ciwon ƙafa, mu kuma muna biye da ita muna guɗa da waƙa. Masu shaguna suka fito, mata suka leƙo ta kan katanga, wasu ba su ma san amaryar wa ba ce suka taya mu. Sama'ila yana tafiya daidai gefen motar, sai da muka kusa fita gari na ji ta ce masa, "Kore nake so, ba shuɗi ba." Ya ce, "Akwai lokaci, zan sake." A bakin gari, inda kwalta ta miƙe, direba ya taka mota.

Damina ta zo ta wuce, ta sake dawowa. Sama'ila ya riƙa ƙulla garin fura da busasshen kuɓewa yana bin motocin dogon zango, yana layi a ƙofar kaso cikin mata masu kai wa mazansu abinci, suna yi masa ba'a suna ajiye masa wuri. Ni kuma ƙofofin da suka rufe wasu sun buɗe, wasu har yau ba su buɗe ba. Maganar Hajiya ban faɗe ta ba sai yanzu da ƙasa ta rufe ta da mijinta, Allah ya ji ƙansu.

Da abubuwa suka sauya aka sake su, Zainabu ta sauka a tashar Ibohaman da rana tsaka, da 'yar jakarta a hannu. Dangi suka ce a sa ranar biki, a kira makaɗa, a kira ni. Ta ce a'a, ta tambayi hanyar ɗakinta, ta bi ta da ƙafa. An riga an kai amarya.